YADDA A KE ƊAUKAR BABUR A TIRELA, KO A AMALANKE, KO A BAYAN MOTA

Jawabin malamin karatun manya, kamar yadda anka karanta shi a rediyo

  Ina gaida ƴan uwa maza da mata da ke zaune gindin rediyo a azuzuwan karatun manya, daga Yamai zuwa Dogon Dutse, daga Tawa zuwa Maraɗi, har Damagaram.  Kowa ya matso da allonsa da alli, don yau akwai lissafi cikin zancenmu.

Zancenmu na yau bisa babur ne, wanda wasu ke ce wa moto. Ba tuƙinsa za mu koya ba. Za mu ga yadda a ke ɗaukarsa daga wani gari zuwa wani, in ba shi ne ke tafiya da ƙafafunsa ba.

Kowa ya san babur ya zama jakin zamani. Da shi a ke zuwa kasuwa. Da shi a ke kai mai naƙuda likita. Da shi samari ke kabu-kabu su ciyar da gida. Mutum kan sayar da wake da raguna, ya haɗa kuɗin shekara biyu ko uku, kafin ya mallake shi. To, wata rana dole a ɗauke shi. Ko an sayo sabo daga birni, ko ya mace a ƙauye za a kai shi wurin mai gyara, ko an yi wa ma'aikaci canjin gari. A wannan rana ce mutane da yawa ke yin hasara.

ABIN DA YA SAME NI

Ba ji na yi ba, ni abin ya sama. Wata shekara anka canza mini wurin aiki zuwa wani ƙauye bisa hanyar Dakwaro. Ina da babur wanda na yi wata 20 ina tara kuɗinsa. Na samu wani mai mota da ke jan ƙaramar tirela, watau ɗan amalanken ƙarfe mai taya biyu da a ke ɗaura wa mota a baya. Munka zuba katifa da akwatin littattafai a gaba. Babur ya samu wuri can ƙarshen baya. Munka jingine shi bisa ƙafarsa ta gefe, munka naɗe shi da danƙon tsohon tub.

Na ce: "Direba, anya wannan zai riƙe?"

Ya ce: "Mushe, kwantar da hankalinka. Kullum haka mu ke yi."

Da munka hau gudro, ya taka mota. Can sai na ji bayan motar yana kaɗawa, dama da hagu, kamar wutsiyar saniya. Kafin mu ankara munka faɗa wani rami. Danƙo ya saki. Babur ya tsallake bayan tirela ya zube bisa hanya, yana jan ciki yana fitar da wuta.

A bayanmu akwai amalanken jaki, da wata tsohuwa da jikokinta 3 a kai. Babur ya tsaya bai fi taki 2 daga ƙafafun jakin ba. Na sheƙo jikina na rawa, na ce: "Inna, ku yi haƙuri. Ba wanda ya ji ciwo?" Ta dube ni ta ce: "Ɗana, ko akuya za ka kai kasuwa, ai ka fi haka ɗaure ta."

Gyara ya cinye mini albashin wata guda. Amma ba kuɗin ke hana ni barci ba in na tuna. Yaran nan 3 ne. Kuskure 4 munka yi ranar nan. Munka sa nauyi a baya. Munka bar babur bisa ƙafar gefe. Munka ɗaure da danƙo. Munka yi gudu. Ku riƙe su, za mu koma kansu ɗaya bayan ɗaya.

MU SAN NAUYIN ABIN DA MU KE ƊAUKA

Baburan da anka fi hawa a ƙasarmu, masu lamba 100 zuwa 125, nauyinsu yana tsakanin kilo 100 da kilo 130. Ku ɗauka buhun hatsi babba ne da ɗori. Tsawonsu kusan mita 2. Amma babur ya fi buhu wuyar ɗauka. Buhu in ka ajiye shi ya zauna. Babur kuwa yana da taya, yana son gungurawa. Dogo ne siriri, yana son faɗuwa. Yana da ƙafafu masu lotsawa, waɗanda makanikai ke ce wa shok, yana son tsalle. Ga kuma mai cikin tankinsa.

Ga abin da ke faruwa in mota ta taka birki. Mota ta tsaya, amma kaya na son ci gaba da tafiya. A ƙasashen Turai akwai ƙa'idar ɗaure kaya bisa mota. Ƙa'idar ta ce ɗauri ya iya tare kashi 8 cikin 10 na nauyin kaya ta wajen gaba, da kashi 5 cikin 10 ta gefe da ta baya.

Mu rubuta a allo. Babur mai kilo 120. Kashi 1 cikin 10 nasa kilo 12 ne. 12 sau 8 ya ba da 96. 12 sau 5 ya ba da 60. Ke nan in an taka birki da ƙarfi, babur zai tunkuɗa gaba kamar kilo 96. In an sha kwana, zai ja gefe kamar kilo 60. Yanzu ku gaya mini, danƙon tub zai iya tare wannan?

ZAƁEN TIRELA

In za ka ari tirela, ko ka yi haya, ko ka sa mai walda ya ƙera maka, ga abu 7 da za ka duba.

1. Tsawo. Cikinta ya kai mita 2 da ɗan ɗori. Tayar baya ta babur ta zauna sosai a ciki, kada ta leƙo waje.

2. Nauyin da ta ke iya ɗauka. Tirelar da ta fito daga masana'anta tana da ɗan allon ƙarfe a jiki. A irin na Faransa za ka ga haruffa PV da lamba. Wannan nauyinta ne ba kaya. Za ka ga kuma PTAC da lamba. Wannan shi ne iyakar nauyinta ita da kayanta duka. Sai ka yi ɗebewa. Misali, PTAC 500, PV 150. 500 a ɗebe 150, saura 350. Kilo 350 za ta iya ɗauka, ba ƙari. In ta mai walda ce ba ta da allo, ka tambayi wanda ya ƙera ta, ka kuma karanta jikin taya. Akwai lamba da haruffa KG a gefenta, ita ce iyakar abin da taya guda ke ɗauka.

3. Daɓen cikinta. Ka hau ka taka ko'ina. Katakon da gara ta ci, da ƙarfen da tsatsa ta cinye, ba su riƙe babur. Duk nauyinsa bisa wuri biyu ya ke, kowane bai fi tafin hannu ba.

4. Wurin ɗaure igiya. A samu zobe ko ƙarfe mai ƙwari a kusurwa 4, wanda anka haɗa da ƙashin tirelar kanta. Kada ka ɗaura ga langa-langar gefe ko ga fitila.

5. Taya. Tirela kan daɗe a ajiye cikin rana, taya ta tsage ko da zanenta bai cinye ba. Ka nemi haruffa DOT a jikin taya. Lambobi 4 na ƙarshe su ne ranar haihuwarta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar dubu biyu da sha tara, watau 2019. Tayar da ta tsufa, ga tsaga a gefe, kada ka yarda da ita cikin zafin bazara. Ka riƙe taya ka girgiza. In tana ƙwas-ƙwas, boris ya ci, sai an sake shi an sa giris. Ka tafi da tayar canji da abin kwance ta.

6. Mahaɗi. Nan ne ran tirela ya ke. Na masana'anta ƙwallon ƙarfe ne mai faɗin milimita 50 a bayan mota, bakin tirela ya hau kansa ya kulle. In an kulle, ka ɗaga da ƙarfi ka gani ko zai fita. In ƙusa ce a ke zurawa, ta zama mai kauri, a kuma sa mata abin da zai hana ta tsalle ta fice. Waya da igiya ba mahaɗi ba ne. Bayan haka a ƙara sarƙa tsakanin mota da tirela. In mahaɗi ya saki, sarƙa ta riƙe.

7. Fitilu. Tirela na rufe fitilun bayan mota. Dole ita ma ta nuna jar wuta in an taka birki, ta nuna in za a juya dama ko hagu. Mutum ɗaya ya zauna cikin mota yana gwadawa, ɗaya ya tsaya baya yana dubawa.

Araha ba ta ado. In abu ɗaya cikin 7 ɗin nan ya gaza, gara ka jira wata tirela.

INA A KE SA NAUYI?

Nan ne kuskurenmu na fari. Nauyi ya fi yawa a gaban tayoyin tirela, wajen mota. Kamar kashi 6 a gaba, kashi 4 a baya. Babur ya fuskanci gaba, ya tsaya daidai tsakiya, ba dama ba hagu.

Bakin tirela ya danna mahaɗi da kimanin kashi 1 cikin 10 na dukan nauyi. In tirela da kayanta kilo 300 ne, bakin ya yi kamar kilo 30. Ga gwaji mai sauƙi kafin a haɗa ta da mota. A tokare tayoyi da dutse. Namiji guda ya ɗaga bakin. In ya ɗagu da ɗan nishi, daidai ne. In bakin na tashi sama da kansa, nauyi ya yi baya. Irin wagga tirela ita ce ke kaɗa wutsiya har ta kifar da mota. In kuwa mutum biyu sun kasa ɗagawa, nauyi ya yi gaba da yawa. Bayan mota zai zauna, gabanta ya yi sama, tuƙi da birki su ragu.

IN BABU TIRELA FA?

Na san a ƙauyukanmu ba kowa ke samun tirela ba.

Amalanken jaki ko na shanu yana ɗaukar babur guda ba wahala, kuma ba ya gudu. Amma shi ma taya biyu gare shi, ƙa'idar ɗaya ce. Nauyi ya zauna bisa ƙarfen tayoyi, ya ɗan karkata gaba kaɗan. In ya yi baya, sandunan za su ɗaga jaki. In ya yi gaba, za su ji masa ciwo a gadon baya. Kada amalanke ya hau gudro da dare ba fitila ba abin ƙyalli a bayansa.

Mota mai buɗaɗɗen baya, a-kori-kura, tana da kyau ƙwarai. A tura tayar gaba ta dafe bangon da ke bayan direba. In ƙofar baya ba ta rufuwa, a sa babur a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa.

Babur mai ƙafa uku na dakon kaya ya isa ga tafiya ta cikin gari. Amma yana da saurin kifewa a kwana, sai a bi sannu.

Saman motar haya, irin Hiace ta ranar kasuwa, shi ne na ƙarshe da zan ba ku shawara. Nauyi a sama yana sa mota rinjaya a kwana. A nan kuma sai an kwantar da babur. In ya zama dole, a zuƙe man tanki sarai. A cire batir. A shimfiɗa tsohuwar taya ko buhun ƙaiƙayi. Wajen kai ya ɗan fi tudu. Ka tsaya da kanka ka ga yadda karen mota ke ɗaurewa, kada ka shige ciki ka zauna. In an sauka, a tsai da babur ya ɗan huta, a duba baƙin man inji kafin a tashe shi.

IGIYA

Danƙon tub yana da amfani wajen ɗaure kaji da ƙunshin kaya. Ba ya ɗaure babur. Yana miƙewa, babur ya samu wurin motsi, daga motsi sai tsinkewa.

Abin da ya fi kyau shi ne bel mai faɗi, mai ƙugiya da maɗaurin ƙarfe da a ke ja yana ƙara tsaurewa, irin na masu manyan motoci. A kan same shi a kasuwannin birane. Mai kyau yana da ƴar takarda a ɗinke. Ka nemi haruffa LC da lamba. In ka ga LC 400, yana riƙe kimanin kilo 400. Wanda ya kai haka ya ishi babur irin namu. Guda 4 a ke bukata.

In babu bel, a nemi igiya mai ƙwari, kaurin ɗan yatsa. A bi ta da hannu daga farko har ƙarshe. In ta sosu, ko rana ta cinye ta tana zubar da gari, a ajiye ta. Ku sani, ƙulli yana rage ƙarfin igiya, wani har rabi. Don haka kada a yi amfani da guntaye da anka ƙulla. Ku sani kuma, igiyar rama in ta jiƙe tana tsukewa, in ta bushe ta saki. Ta nailan kuwa in ta jiƙe miƙewa ta ke yi. Da damina sai a riƙa dubawa. Duk inda igiya ta bi ta bakin ƙarfe mai kaifi, a sa tsumma ko guntun taya a tsakani.

SHIRYA BABUR DA HAWAR DA SHI

A rage mai cikin tanki. A rufe makullin mai, a bar inji ya yi ta aiki har ya mutu da kansa. A jira salansa ta huce, don tana ƙona igiya da hannu. A cire madubai, a cire mabuɗi a sa aljihu. Mai taba ya yi nisa.

A tsai da mota a wuri mai daidai, a ja birkin hannu. Tirela ta kasance haɗe da mota kafin a hau da babur. In ba a haɗe ta ke ba, da tayar gaba ta taka bayanta, bakinta zai tashi sama.

A samu katako mai kauri, faɗinsa kamar taƙi guda da ɗori. Tsawonsa ya ninka tudun wurin sau 3. In tudun santimita 80 ne, katako ya kai mita 2 da santimita 40. A ɗaure kansa ga tirela don kada ya zame. In akwai tudun ƙasa ko bakin rami kusa, a matsa da mota can, aiki ya yi sauƙi.

Mutum 3 a ke so. Ɗaya ya riƙe kan babur, yatsunsa bisa birkin gaba. Ɗaya ya tura daga baya. Ɗaya ya tsaya sama ya karɓa. Kada wani saurayi ya ce zai hau da shi da wuta. Da yawa sun karye a haka.

ƊAURI

Ku bi wannan jeri, kada ku tsallake ko ɗaya.

Na 1. A tura tayar gaba ta dafe bangon gaba. A sa guntun katako dama da hagu, a buga da ƙusa ko a ɗaure, don kada kai ya juya. A matse hannun birkin gaba da danƙo. Nan kaɗai danƙo ke da aiki.

Na 2. Mutum ɗaya ya riƙe babur tsaye cak. A ɗaura igiya biyu a gaba, ɗaya dama ɗaya hagu. Wuri mafi kyau shi ne ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun gaba, ƙarƙashin fitila. In bai samu ba, a ɗaura ga ƙarfen kai kusa da tsakiya. Kada a ɗaura can bakin hannu, zai lanƙwashe. Kada igiya ta danne wayar birki ko wayar wuta.

Na 3. Igiyoyin nan su gangara ƙasa, su yi gaba, su buɗe waje, kamar igiyoyin rumfa. Kada su sauka tsaye kusa da taya. Kada kuma su kwanta. Tsaka-tsaki a ke so.

Na 4. A ja kaɗan a dama, a ja kaɗan a hagu, a yi ta yi bi da bi. Shok na gaba ya lotsa kamar sulusi zuwa rabi. Ga dalili. In ba a lotsa shi ba, mota na faɗa rami zai lotsa da kansa, igiya ta yi sako-sako, ƙugiya ta fita. In kuma an danne shi har ƙasa, zai fara yoyon mai ya lalace.

Na 5. A ɗaura biyu a baya, ga ƙashin babur ƙarƙashin wurin zama, ko inda ƙafar fasinja ke maƙale. Su yi baya su buɗe waje. Waɗannan ba su son ja da yawa. Aikinsu hana baya tsalle da zamewa. Kada a ɗaura ga salansa, ko ga fitilar juyawa, ko ga robar jiki.

Na 6. A naɗe ƙafar gefe da ta tsakiya. Wannan ne kuskurenmu na biyu. Babur bisa ƙafar gefe a karkace ya ke, igiya ɗaya ta fi ɗaya aiki. Kuma kowane rami ƙafar na dukan daɓe, har ta huda shi ko ta lanƙwashe. Babur ya tsaya bisa tayoyinsa, igiya ta riƙe shi.

Na 7. A naɗe sauran igiya a ƙulle. Wutsiyar igiya in ta shiga taya, tana iya fizgo babur ƙasa.

Mai aiki da igiya ya koyi ƙullin direbobin manyan motoci. A yi ɗan zobe a tsakiyar igiya. A zagaya bakinta ta ƙarfen tirela, a maido shi ta cikin zoben, a ja ƙasa. Za ka ga ta tsaure fiye da jan hannu kawai. Sai a kulle da ƙulli biyu. Ku roƙi wani direba ko karen mota na garinku ya zo aji ya nuna muku. Sau biyu za ku gani ku iya.

Ga jarrabawa. Ka kama kan babur ka girgiza da ƙarfi. In babur da tirela na motsi tare kamar abu guda, ɗauri ya yi. In babur na motsi shi kaɗai, a sake.

BISA HANYA

Hanyoyinmu dogaye ne. Daga Yamai zuwa Maraɗi ya fi kilomita 600. Daga Maraɗi zuwa Damagaram ya fi 200. Ɗaurin safe ba ya kai yamma in ba a duba shi ba. Bayan kilomita 10 na farko a tsaya a taɓa kowace igiya, don a nan ne kaya ke zama igiya ta saki. Daga nan a duba a kowane zango, da duk inda anka bar gudro anka shiga hanyar burji ko rairayi. A taɓa tsakiyar tayar tirela da bayan hannu. In ta yi zafin da hannu ba ya jurewa, boris na neman ci.

Sai gudu, kuskurenmu na ƙarshe. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 cikin daƙiƙa guda. Mai gudun 90 tana cin mita 25. In gudu ya ninka sau 2, nisan da birki ke bukata yana ninkawa sau 4. Ga kuma tirela na turo mota daga baya. Direba ya bar tazara mai yawa tsakaninsa da na gaba. Ya buɗe kwana, don tirela na yanke kwana ta ciki.

In tirela ta fara kaɗa wutsiya, kada a taka birki da ƙarfi, kada a ƙara wuta, kada a yi kokawa da sitiyari. A ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari daidai, mota ta rage gudu da kanta. Sai a sauka gefe a matsar da kaya gaba.

Kada kowa ya zauna cikin tirela. Kada a ce yaro ya hau babur ya riƙe shi. Mutum ba igiya ba ne.

In kai ne mai babur, kana da bakin magana. Ka ce: "Direba, don Allah mu tsaya mu duba." Ni kunya ta hana ni faɗin haka, kun ji abin da ta jawo.

TAKARDU

Babur da ke bisa mota ma ana tambayar takardunsa. Jandarma da ma'aikatan duwan na da iko su tambaya, don ana satar babura ana shigo da wasu ta ɓarauniyar hanya. Ka riƙe takardar saye, da ta duwan, da takardar mallaka in an riga an yi. Su kasance a aljihunka, ba cikin babur ba. Akwai lamba da anka buga a ƙashin babur, wajen wuya. Ka karanta ta harafi bayan harafi, ka gwada da wadda ke cikin takarda, tun kana gaban mai sayarwa. In ka ba direba saƙon babur ba ka bi shi ba, ka rubuta lambar motarsa da ranar da ka ba shi.

Abu ɗaya kuma. Saboda matsalar tsaro, hukuma ta hana yawo da babur a jihar Diffa a shekarar 2015, da wasu sassan jihar Tilaberi a shekarar 2020. Irin wagga doka tana canzawa daga lokaci zuwa lokaci. In za ka kai babur wuri mai nisa, ka tambayi hukumar wurin tukuna.

TAMBAYOYI DON AJI

Malamai su rubuta waɗannan a babban allo, a tattauna bayan an kashe rediyo.

1. Tirela tana da PTAC 750, PV 200. Kilo nawa za ta iya ɗauka? Za ta iya ɗaukar babur 2 masu kilo 120 kowane, da buhu 2 masu kilo 100 kowane?

2. An rubuta 0821 a ƙarshen lambar taya. A wane mako anka yi ta, a wace shekara?

3. Babur mai kilo 110 ne. In an taka birki da ƙarfi, kamar kilo nawa zai tunkuɗa gaba?

4. Don me a ke naɗe ƙafar gefe bayan an ɗaure?

5. A garinku, da me a ke ɗaukar babur in ya mace? Cikin kuskure 4 da na faɗa, wanne kunka taɓa gani da idonku?

Wanda ya samu amsa ya rubuta da hannunsa, ya ba malaminsa ya aiko mana. Za mu karanta amsoshin a shiri mai zuwa.

Ƴan uwa, ɗauri mai kyau ba ya wuce minti 15. Ranar nan da na ba shi minti 15, da ban tsaya gaban tsohuwar nan ina rawar jiki ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda ya saurara ya gaya wa wanda bai saurara ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.